Shuɗin Bappayo

Shekara bakwai ina wanke masa buroshi
a gwangwanin madara, da kananzir ɗin aro.
Har yau in na kai loma baki
ina jin warin a ƙarƙashin farce.

Da gawayi ya fara, in ji shi,
a bangon ɗakin kakarsa a Bolari.
Ya zana akuyarta mai karyayyen ƙaho.
Tsohuwa ta zo da tsumagiya, ta yi turus,
ta ce, "Ɗan nan, har taurin kanta ka sa."
Bai sha duka ba.
Bangon dai, shi ya yaɓe shi da hannunsa.

Daga nan sai bayan manyan motoci a tasha:
zaki, dabino, jirgi mai fukafuki huɗu.
Direba ya ba da rabi, ya ce sai ya dawo daga Yola.
Wasu har yau suna hanya.
Sai allon masu aski, kawuna shida a jere,
duka shidan da kunnuwan Bappayo,
ba wanda ya taɓa lura sai ni.

Ana haka injin buga hoto ya sauka a gari.
Abin da muke kwana uku a kai
ya tofo shi kafin shayi ya huce.
Wata biyu muna korar ƙuda.
Fenti ya yi fata a cikin gwangwani.

Bai zagi injin ba.
Ya sayar da babur, ya sayi kwamfuta ta hannu,
ya zauna gefen yaron da bai kai ɗansa ba
yana koyo da yatsa ɗaya, yana cewa, "Sake nuna min."

Shago ya tashi a Jekadafari.
Rigunan 'yan makaranta, kalandar biki,
tambarin matan da ke haɗa sabulu a Pantami,
waɗanda ya ce su biya in kaya sun fita.
Mu biyu muka zama tara.
Rubutunsa a littafin bashi kamar a rataye a bango,
lissafin kuwa, Allah ya kyauta.
Sai da Dija ta ƙwace littafin
muka san ana samun riba a duniya.

Amma akwai ɗakin baya.
Bayan isha'i yakan ja ƙofa,
ya niƙa jar ƙasar da ya ɗebo a Tula,
ya kwaɓa da ƙaro, ya manta da mu.
Wani shuɗi yake nema,
wanda ya gani sau ɗaya a ruwan Dadin Kowa
kafin masunta su tura kwalekwale.
Ya gwada baba, ya gwada bula,
ya tambayi injin, injin ya ba shi lamba.

Ran da muka kai zanensa baje koli a Abuja
wata Hajiya ta tsaya gaban na tsakiya, ta daɗe.
Ta ce nawa.
Ya buɗe baki zai faɗi kuɗin allon aski,
na taka masa ƙafa.
Kuɗin ya rufa shago da sabon kwano,
shi kuwa mako guda yana kallon ƙusar da zanen ya bari.

Yanzu hannun yana rawa.
Layi madaidaici ya ƙi shi, sai ya koma zana ruwa.
Asabar yara ke cika baranda, ba ya karɓar ko sisi.
Jiya wata 'yar mitsitsiya, Zulai,
ta yi mana aika-aika da gawayi a bangon gaba.
Na ɗauko bokiti.
Ya ce, "Dakata, Gidado. Dubi ƙafar kazar nan."

Na duba.
Sannan ya ce in leƙa kasuwa gobe,
wai an kawo wani shuɗi daga Kano,
ko shi ne.