Kibiya Lamba Huɗu

Shekara arba'in ina gyaran taru a bakin Kwara,
ban taɓa tambayar kowa yadda ake riƙe zare ba.
Sai ga ni ran kasuwar Yauri
tsaye gaban teburin Kulu mai ulu,
ina sosa ƙeya kamar yaron da ya fasa tulu.

Na ce, "Kibiyar saƙa nake so."
Ta ce, "Saƙin na wa?"
Na ce, "Nawa."
Ta ce, "Ba mu kai ga ciniki ba tukuna."
Na ce, "Nawa, ni Arzika, da hannun nan."
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Jikata ta zo da wata bakwai,
kanta bai wuce lemun zaƙi ba.
Nas ta ce ta ka sanyi ke shiga.
Hulunan kasuwa duk sun haɗiye ta har haɓa.
Uwarta Luba na kwance da ƙarin ruwa.
Kakarta, wadda ta iya, bara ta riga mu,
ta bar kwando da kibiya guda,
'yar'uwar ta ɓace, ban san ina ba.

Na zaro ta daga aljihu:
"Nemo mini irinta."

Kulu ta daina dariya.
Ta juya ta, ta shafa bakinta da ya sha hannu.
"Wannan ta gwanaye ce, ƙarfe ce, siririya.
Ido zai zame maka kamar tarwaɗa a hannun baƙo.
Mayar da ita aljihu."

Ta zube sauran a kan faranti.
Ta roba, in ji ta, rana ɗaya cikin jirgi ta lanƙwashe.
Mai igiya a tsakani, wadda ke zagaye kai ba ɗinki,
sai ka yi hula uku ka dawo.
Gajerun nan huɗu kuwa
kama kaguwa ya fi su sauƙi.

Sai ta miƙo biyu na gora, ba ƙyalli, ba ado.
"Gora na riƙe zare, ba ta gaggawa.
Lamba huɗu.
Ninka zaren biyu ka jera su,
in kauri ya zo ɗaya, sun dace.
Kada ka ɗauki baƙin ulu,
idonka ba na jiya ba ne.
Ɗauki ruwan ƙwai, ka ga kuskurenka.
Saƙa shi shimfiɗe kamar tabarma,
ka haɗe bayan, ɗinki ai ka gada."

Na zauna gindin jirgin da aka kife.
Samarin kwata suka zagaye ni:
"Baba, wane kifi za a kama da wannan?"
Ban tanka ba, ina ƙidaya.
Hannuna ya saba ƙulli, ya ƙi sakewa,
yana barin ido kamar na taru.
Sau shida na warware.
Taru, ruwa ake so ya wuce.
Nan kuwa abin da nake son kamawa
ya fi ruwa iya gudu.

Dare na biyar ido ya kuɓuce,
yana gangara layi layi.
Na laluba aljihu.
Da tsinin kibiyar marigayiya na kamo shi,
na maido shi sama a hankali.
Na daɗe zaune bayan nan, fitila na cin mai.

Kwana goma sha tara.
Hular ta karkace kamar jirgin da aka yi wa lodi gefe guda.
Na kai asibiti cikin leda.
Luba ta gwada, ta ja, ta sake ja.
Kunne ɗaya a waje.

Ran kasuwa na koma wurin Kulu.
Na ce, "Ta yi mata kaɗan."
Ta dube ni, ta tofar da goro.
"To ka gode wa Allah mana.
Ƙara ido goma."