Addu'a a Kan Gadar Harobanda

Ya Yesu, yau ma na bi ta Wadata,
na wuce shagon Zabairu kaina a ƙasa.
Ƙarar kekensa ta raka ni har bakin titi.
Atamfar da muka zaɓa tana can, almakashi bai taɓa ta ba.

Bai zage ni ba, ban zage shi ba.
Ya ce ba zai juya wa alƙibla baya ba,
na dafa ɗan gicciyen wuyana.
Shayi ya huce a tsakaninmu.

Inna ta ce in gode maka.
Na gode, amma bakina ɗaci.
Ran Lahadi mata na rangaji da baiko,
ni ina ƙirga fankokin majami'a.

Kai da ka yi kuka a kabarin abokinka,
zo ka tsaya kusa da ni.
Ba sai ka ce komai ba.

Kogi ya janye, masu wanki sun kwashe shanya.
Ga kiran magariba,
na san yanzu yana alwala.
Ka kiyaye shi. Gyambon ciki gare shi,
kuma ba ya cin abinci kan kari.

Ni kuwa ka ba ni barci,
ko na daren yau kaɗai.