In Ana Dara

A Cheb, hawa na uku, saman gidan burodi,
Vilem ya share teburin cin abinci,
ya shimfiɗa Turai a kai kamar tabarma.
Almakashi a dama, gam a hagu,
ya yanka ƙasa gida-gida, kowanne kusurwa shida,
saƙar zuma sak, sai dai babu zuman.

Gabas ja, Yamma shuɗi.
Ya ba ja tankoki jibgi, ya rage masa mai.
Ya ba shuɗi jirage, ya kai gudummawarsa bayan teku.
Dare uku yana awo kamar mai sayar da zinari,
don in ɗaya ya cika ƙarfi, wasa ya mutu:
wa zai zauna yana jefa ɗan lido
a yaƙin da aka san ƙarshensa tun ba a ɗaura ɗamara ba?
Ya rubuta: ruwan sama na cin taku biyu.
Gada, maki huɗu.
Makamin ƙare dangi, sau ɗaya tak,
wanda ya harba ya rasa rabin makinsa.
Ya soke rabi, ya sa duka.
Ya sake sokewa. Kofi ya huce.

Gwaggonsa Jarmila ta shigo da miyar dankali,
ba wurin ajiye kwano,
sai ta ɗora shi a kan Faransa.
Ta gyara tabarau, ta bi kogi da farce
har gida na goma sha bakwai.
"Nan fa?"
"Fili ne, Gwaggo. Maki ɗaya. Hanya ce kawai."
"Nan aka yanke cibiyata.
Akwai itacen tufa a bayan coci,
da waya mai ƙaya da ta raba gonar Baba biyu.
Muna hango hayaƙin maƙwabta, ba halin aron gishiri.
Shekara arba'in muna jiran yaƙin nan naka,
akwati ƙarƙashin gado, takalma a bakin ƙofa.
Bai zo ba.
Kai ne za ka kawo shi ran Asabar?"

An ce in ana dara fidda uwa ake yi.
Makamancin haka ya faɗa mata da harshensu,
da dariyar da ba ta wuce haƙori ba.
Ba ta tanka ba. Ta kama wuyan rigar sanyinta,
ta tsinke maɓalli, baƙi, mai huda huɗu,
ta aza shi a kan filin.
"Ga uwa. Tana tura amalanke,
da katifa, da agogon bango, da ni a sama.
Fidda ta in ka iya."

Asabar ta zo. Radim ya ɗauki ja, Libuse ta ɗauki shuɗi.
A ƙasan shafi akwai sabuwar doka da fensir:
maɓalli ba na kowa ba ne, ba ya da maki,
taku ɗaya yake yi duk zagaye, inda ɗan lido ya nuna.
Ba a hana taka shi ba.

Radim ya yi tsaki, wai an ɓata masa lissafi.
Tankokinsa na bakin hanya, hanya kuma a buɗe,
amma ya ratsa da su ta daji,
ya yi asarar zagaye biyu, yana zagin laka.
Libuse ta ɗaga jirgi bisa gada,
maɓalli ya hau gadar,
jirgin ya kwana tsakanin yatsunta
har hannu ya gaji.

Ƙarfe uku aka kunna tanda a ƙasa,
ƙanshin burodi ya hauro ta tsagin daɓe.
Vilem na ta duba littafi, bai ga wanda ya ci ba.
A ɗaki na kusa tsohuwa na minshari,
rigarta rataye a ƙusa,
wuyan an kama shi da fil.