Tarko Na Tamanin Da Bakwai

Shekarar da gorar daji ta yi fure
a gindin duwatsun Andes,
tsofaffin bakin tafki suka kaɗa kai:
bayan fure iri, bayan iri ɓera,
bayan ɓera kuwa, a tanadi itacen akwati.
Ni na iso da tarko ɗari da ashirin,
da tunkuza a gwangwani,
da taswirar da ba ta san sunan kowa ba.

Nicanor Huenchul, mai saran itace,
kwana biyar huhunsa yana cika da ruwa
kamar kwalekwalen da ya huje.
Ran na shida aka rufe masa ido.

'Yarsa Millaray ta tare ni bakin shinge,
hannuwanta cikin aljihun rigar sanyinsa.
"Ni ce," in ji ta. "Na zo daga birni da zazzaɓi.
Ƙoƙo ɗaya muka sha shayi, tsinke ɗaya.
Ni na tashi, shi ya kwanta.
Mai kanti ma a kan dutse yake ajiye min canji."

Ban ce mata komai ba.
Aikina ba lallashi ba ne, ƙirga ne.

Da asuba nake bin tarkuna cikin raɓa mai cizo,
fuskata a rufe, numfashina yana komo min.
Ɗan ɓeran nan, jelarsa ta fi jikinsa,
idonsa kamar ƙwayar barkono.
Bai san yana ɗauke da komai ba.
In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari:
mu muka kafa rumbu a kan hanyarsa.

A ɗakin gwaji cuta ba ta iya ƙarya.
Haruffa huɗu kacal take da su,
ta jera su dubu goma sha biyu,
kuma duk gidan da ta kwana
sai ta yi tuntuɓen alƙalami.
Da tuntuɓen nan muke zana salsalarta,
wa ya haifi wa, a ina aka raba gari.

Ta jinin Millaray da ta jinin ubanta
harafi arba'in da ɗaya ne tsakaninsu.
Dangi ne, amma rabonsu da juna
tun kafin a yaye ta.
Ta Nicanor kuwa, harafi ɗaya tak
ya raba ta da ta tarko na tamanin da bakwai.

Na ɗiga jan tawada a taswira.
Ɗigon ya faɗa bayan gidansa,
kan rumfar katako mai tsohon kwaɗo.

Na kai mata takardar da kaina.
Ta karanta sau biyu, gwiwarta ta saki,
ta yi kukan wanda aka sauke wa dutse.
Can ta ɗago: "Amma rumfar nan
tun rasuwar mahaifiyata ba ya buɗe ta.
Me ya kai shi?"

Na ga tsintsiyar jingine a ƙofar.
Na ga sawun ƙafafun gado huɗu a ƙura,
da jan da aka yi masa zuwa cikin gida,
mako uku kafin motarta ta iso.
A kansa take kwana har yau.

Na naɗe taswira.
Na ce, "Haruffan ba su kai nan ba."