Garin Da Damina Ba Ta Sallama

Yaya Tukur, ka ce in faɗa maka
watan da damina ke sauka a nan
don ka san ranar yi mini barka da ruwa.
Na yi dariya ni kaɗai a bakin titi,
jakar wasiƙu a kafaɗa, safa ta jiƙe,
don Keswick ba ta san ranar ɗaukewa ba, balle ta zuwa.

Shekara shida ina bin ƙofofin garin nan
ina shan duka ban san laifina ba,
sai a gidan ƙarshe na gane, wurin wata tsohuwa.
Birkett ake ce mata. Tana da kwalba a bayan gida,
kullum safiya ta auna abin da dare ya zubar
ta rubuta a littafin da bangonsa ke ɓarewa.

Ta ce, ɗan nan, ɗauki sama a matsayin kasuwa.
Iskoki fatake ne, kowace da hanyarta,
kowace da kayan garin da ta kwana.
Ta yamma a kan teku ta yi kwanaki,
ta sha tururi ta ƙoshi, jikinta da ɗumi,
ta iso tana nishi kamar saniya mai shirin haihuwa.
Ta arewa siririya ce, 'yar ƙasar ƙanƙara,
kunne take cizo, ba ta gaisuwa.
Akwai ta kudu, baƙuwar kwana uku,
ranar da ta zo mutanen gari kan tuɓe riga
su baje a kan ciyawa.

To, ba sa zama tabarma ɗaya.
In mai sanyi ta cim ma mai ɗumi
sai ta sunkuya ta shige ƙarƙashinta, ta cira ta sama
yadda kake cira ni muna yara wajen kokawa.
Nan hadari ke haɗuwa baƙi ƙirin,
a yi shi kamar da bakin ƙwarya, sa'a guda an watse.
In kuwa mai ɗumin ce ta hau bayan mai sanyi a hankali,
sai marka: yayyafi tun asuba,
ba walƙiya, ba tsawa,
shi ne mai cin tawadar adireshi yana gamawa.

Ko ba abokiyar faɗa, ga dutsen Skiddaw a tsaye,
iska ba ta da hanya sai ta hawa.
Abin da ya hau kuwa sai ya huce.
Tuna murfin tukunyar Inna in ta ɗaga shi,
yadda gumi ke jeruwa a cikinsa yana gangarowa.

Amma tururi ba ya zama ɗigo haka kawai,
sai ya sami ƙwayar gishirin teku, ko ɗan burbushin toka,
ya rungume.
Ɗigon ma bai kai a gani ba,
adashi suke yi, dubu kan dubu suna zubawa,
har kwasa ta yi nauyin da iska ba ta iya riƙewa.
Ta ce yawancinsa can ƙololuwa ƙanƙara ne,
a hanya yake narkewa.
Ranar da hanyar ta yi sanyi har ƙasa
sai ya sauko yadda yake, fari, kamar an shiƙa auduga,
motar gidan waya ta ƙi tafiya sai turawa.

Tun Laraba tsohuwar na asibiti, ƙugu ne.
Ni ke leƙa kwalbar kafin in fara rabo.
Jiya milimita talatin da ɗaya.
Na rubuta ƙarƙashin rubutunta, hannuna na rawa,
ina tuna geronka da ka ce ya fara naɗe ganye
yana kallon gabas, ba ko inuwa.

Da gajimare na shiga ambulan, Yaya,
da ni da kaina zan manna masa kan sarki.
Barka kuwa, yi mini duk ranar da ka ga dama.
Da wuya ka yi kuskure. Yanzu ma ga shi yana farawa.