Kaskon Toka

Kwana uku ke nan, Labbo,
kana zuba nono a kasko tun da asuba,
ka ajiye a bakin rumbun albasa,
ka tsuguna kana jira.
Ƙudaje ne kawai ke amsa kiranka.

Innarka ta ce in ce maka
Toka ta bi motar 'yan Jega,
tana can kasuwa tana cin kan kifi.
Kawunka Bawa ya ce a ƙyale ka,
wai ɗa namiji ba ya kuka don kyanwa,
gobe a ɗauko wata a maƙwabta.
Na ji su duka. Ban ɗauki ko ɗaya ba.

Zo, zauna kan buhun nan.
Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya,
ba zan shuka ta a kunnenka ba.
Toka ta mutu.
Ɓeran da ta kama daren Laraba
ya ci maganin da aka barbaɗa bayan rumbu.
Hannun da ya barbaɗa shi kuwa
shi ne wannan da ke kan kafaɗarka.

Ture shi in kana so. Na yarda.

Ka ture. Ka juya mini baya.
Na zauna ina ƙirga ƙashin bayanka
ta cikin tsohuwar rigar makaranta,
har inuwar darbejiya ta bar mu a rana.

Sai ka ce, ba tare da ka waiwayo ba,
"Ta ji zafi?"
Ta ji, ɗana, amma bai daɗe ba.
"Ta neme ni?"
A kan tabarmarka na same ta.

Da la'asar na kai ka garka,
bayan rijiya, inda na rufe ta a ɓoye.
Ka ce wurin ya yi rana, ita mai son inuwa ce.
Muka kafa karan dawa huɗu,
ka yafa musu tsumman da take kwana a kai.
Ka ba ni labarin ranar da ta faɗa tulu,
ka yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.
Ban ce ka yi shiru ba.
Ruwan da aka datse shi ke cin kunya.

A Aliero namiji ba ya rasa uzurin hawaye,
sai ya ce yajin albasa ne.
Na fara faɗin haka,
ka dube ni ka ce,
"Baba, ai ba a yanka ko ɗaya ba."

Yau da safe na leƙa bakin rumbu.
Kaskon na nan, amma ruwa ka zuba.
Wata kurciya na sha, tana ɗaga kai.
Kana zaune nesa kaɗan,
ba ka kore ta ba,
ba ka kuma ba ta suna ba tukuna.