Muryar Aro

Ƙarfe bakwai nake sauka daga mota a Adum,
in hau bene, in shiga ɗakin da aka liƙe da soso,
inda ko tari sai da izini.
Sana'ata aron murya.
Matan wata ƙasa suna motsa leɓe da Sifaniyanci,
mu kuwa mu cika musu baki da Tonanci.

Akosuwa ke yin tauraruwa,
fara sol, gashi har gadon baya,
mai kukan da ba ya ɓata kwalli.
Ni aka ba ni Domitila,
baƙar nan da ke tsaye bayan kujera da faranti,
wadda kyamara ke wucewa
kamar yadda ake wuce randa a tsakar gida.

Kashi ɗari da sha biyu na bi ta:
"To, ranki ya daɗe."
"Abinci ya nuna."
"An yi baƙo."
Iyakar rabonta ke nan.

Na san irin wannan tsayuwar.
Kawu Danjimma ya shekara tara a finafinan garin nan,
in ba mai gadi ba, mai tsire,
in ba mai tsire ba, ɓarawon akuya.
A Aboabo aka yanke masa cibi,
Tonancinsa ya fi na mai ba da umarni,
amma sai ya karya harshe a yi dariya
kafin a damƙa masa sidi hamsin.

Wata Laraba na'ura ta cije, hoto ya tsaya cik.
Sai ga wuyan hannun Domitila ya cika allo,
da tabon ƙunar mai,
irin na Inna, na kaskon ƙosai.
Wannan ba kwalliyar fim ba ce.
Na jira sunanta na gaskiya a ƙarshen shiri,
kafin ya hauro, tallan maganin basir ya haɗiye shi.

A kashi na gaba ta juya baya tana goge tebur.
Daƙiƙa huɗu ba a ganin bakinta.
Takarda ba ta ce komai ba.
Na matso kusa da makirufo, na ce da Hausa:
"Wayyo bayana. Na gaji, wallahi."
Owura Bowachi ya ɗago kai, ya dube ni,
ya koma kan gyaɗarsa.

Daren da aka haska, muna tsakar gida,
talabijin a kan turmi, yara a kan tabarma.
Inna Lariba ta saki ludayi.
"Ke! Ashe 'yar Zango ce!"
Fusaina ta yi guɗa,
Kawu ya cire hula, ya mayar, bai ce uffan ba.

Tun ranar ba mai kula da hawayen tauraruwa.
Gefen allo suke leƙe.
Suna tare ni a bakin famfo:
Tana da 'ya'ya? Ina garinsu?
Wa ke dafa mata in ta koma?

Ban sani ba. Marubucin ma bai tambaya ba.
Ina dai zaton in an kashe fitilu
takan cire farin gyauton nan ta ninke,
ta tsaya layin mota kamar ni,
tana lissafin canji a tafin hannu,
muryarta ta gaske tana nan a maƙogwaro,
ba a taɓa ko rabinta ba.